Ƙayar Kanada: Ciyawar da ta gagari doka da garma fiye da shekara 200

A shekarar 1795, majalisar dokokin jihar Vermont da ke arewa maso gabashin Amurka ta kafa doka a kan wata ciyawa mai ƙaya, inda ta ɗora wa masu gonaki alhakin hana ta yaɗuwa. Jihar New York ta bi sahu a 1831, wasu jihohi kuma suka biyo baya. Fiye da shekara 200 bayan haka, ciyawar tana nan daram a gonakin alkama da filayen kiwo da gefen hanyoyi, kuma sunanta bai fita daga jerin miyagun ciyayi na galibin jihohin ƙasar ba. Amurkawa na kiran ta ƙayar Kanada, masana tsirrai kuwa sun san ta da sunan Cirsium arvense.

Dalilin da ya sa ta gagari lauje da garma tsawon wannan zamani shi ne, mafi yawan ƙarfinta yana cikin ƙasa, inda ido ba ya gani. Manomin da ya sare ta ya koma gida, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Wannan bayani zai duba yadda ciyawar ke rayuwa, da dabarun da manoma da masana suka gwada a Amurka da Kanada da Birtaniya da Niyu Zilan, waɗanda suka yi amfani da waɗanda suka haifar da sabuwar matsala.

Baƙuwar da ta shigo cikin buhun iri

Duk da sunan da aka laƙaba mata, ba Kanada ce mahaifar wannan ciyawa ba. Asalinta nahiyar Turai ne da yammacin Asiya da arewacin Afirka. Ta tsallaka tekun Atlantika ne a ƙarni na 17, kuma masana na ganin ta shiga ne a cakuɗe da irin shuka da Turawa 'yan ci-rani suka tafi da shi. Daga nan ta bi noman alkama duk inda ya nufa. Amurkawa suka jingina ta ga Kanada, su kuma manoman Niyu Zilan da wasu sassan Ostireliya suka kira ta ƙayar Kalifoniya. Kowa dai maƙwabcinsa ya ɗora wa laifin.

Ba ita kaɗai ce ta yi wannan tafiya ba. Tana cikin wani babban dangi na ciyayi masu ƙaya da Turawan Ingila ke kira “tisil”, kuma da yawa daga cikinsu sun bi jiragen ruwa zuwa sababbin ƙasashe. A 1833, masanin halittu Charles Darwin ya ratsa filayen Yurugwai da Ajantina, ya tarar da wata 'yar wannan dangi da aka kawo daga yankin Bahar Rum ta mamaye ƙasa mai faɗin gaske, har mutum da doki ba sa iya kutsawa. A Ostireliya kuwa, gwamnatin Victoria ta kafa dokar hana yaɗuwar waɗannan ƙayoyi tun a 1856.

A gida Turai, ciyawar na da maƙiya: ƙwari masu cin furenta da saiwarta, da cututtuka masu raunana ta. Da ta sauka a sabuwar ƙasa, ta bar da yawa daga cikinsu a baya, ta samu gonakin da aka huɗe da filayen da dabbobi suka cinye ƙarƙaf. Wannan na daga cikin dalilan da masana ke bayarwa na yadda tsiron da ke zaune da kowa lafiya a wani wuri kan zama annoba a wani.

Dangi ɗaya, hali biyu

Matakin farko ga duk mai son yaƙar waɗannan ƙayoyi shi ne ya tantance wadda ke gonarsa, domin sun kasu gida biyu, kuma abin da ke kashe ɗaya yana iya ƙara wa ɗayar yawa.

Kashi na farko su ne masu rayuwar shekara biyu, irin su Carduus nutans mai sunkuyayyen fure da Cirsium vulgare mai dogayen ƙayoyi. A shekarar farko ganyensu kan shimfiɗu a ƙasa kamar faifai, suna tara abinci a cikin saiwa guda mai nutsawa kamar karas. A shekara ta biyu sai kara ya fito, ya yi fure, ya zubar da dubban ƙwayoyin iri, sannan tsiron ya mutu. Ba su da wata hanyar yaɗuwa sai iri. Saboda haka maganinsu a fili yake: a sa fartanya ko shebur a datse saiwar 'yan santimita a ƙarƙashin ƙasa tun ganyen na shimfiɗe, ko kuma a yanke karan kafin furen ya buɗe. Idan aka hana su zubar da iri shekaru a jere, ajiyar irin da ke cikin ƙasa kan ragu har su ja da baya.

Kashi na biyu shi ne na ƙayar Kanada, wadda ba ta mutuwa bayan ta yi fure. Tsawonta kan kama daga santimita 30 zuwa mita 1.5, furenta ƙanana ne masu launin shunayya ko ruwan hoda. Ita ma tana yin iri, mai farin gashi kamar na tumfafiya, kuma irin da ya nutse cikin ƙasa kan iya kai shekara 20 bai mutu ba. Sai dai sau da yawa gashin kan rabu da ƙwayar, iska ta tafi da shi fanko, ƙwayar ta faɗi kusa da uwarta. Bugu da ƙari, namiji da mace a tsiro daban-daban suke, don haka idan babu ɗayan jinsin a kusa, irin da za a samu ba ya da yawa. Iri ne ke kai ta sabon wuri, amma da zarar ta zauna, saiwa ce ke mamaye gona.

Rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa

Saiwar ƙayar Kanada iri biyu ce. Akwai mai nutsawa, wadda kan kai zurfin mita 2 ko fiye tana neman ruwa, abin da ke sa ciyawar ta yi kore a lokacin da amfanin gona ke yaushi. Akwai kuma mai rarrafe a kwance, wadda kan yi tafiyar mita 5 ko fiye, ɗauke da idanu masu yawa, kowane ido na iya fitar da sabon tsiro. Don haka dandazon ƙayar da mutum zai gani a gona ya ɗauka ɗaruruwan tsirrai ne, sau da yawa tsiro ɗaya ne da ke haɗe ta ƙarƙashin ƙasa.

Wannan saiwa rumbu ce. Ganye na sarrafa abinci da hasken rana, ya tura rarar zuwa ƙasa a ajiye. Idan hunturu ya zo, sanyi ya kashe duk abin da ke sama, saiwar na nan kwance da abincinta. Da ɗumi ya dawo sai ta buɗe rumbu ta ciyar da sababbin tsirrai.

Akwai wani hali nata da ke yaudarar manoma. Muddin babban kara na tsaye yana girma, yakan danne yawancin idanun da ke jikin saiwar, su zauna a barci. Da an sare shi, sai idanun su farka, inda aka yanke ɗaya a ga uku ko huɗu sun fito. Haka nan idan garma ta ratsa wurin sau ɗaya, takan daddatsa saiwar ne ta watsa gutsattsarin a faɗin gona, alhali guntun da bai kai santimita 1 ba yana iya zama sabon tsiro. Ta haka huɗa ɗaya tak ke zama tamkar dashe.

Ɓarnar da take yi ta shafi manomi da makiyayi baki ɗaya. A gona tana ƙwace ruwa da taki da haske, kuma gwaje-gwajen da aka yi a gonakin alkama na Arewacin Amurka sun nuna cewa inda ta yi cunkoso, amfanin kan ragu da rabi ko fiye. A filin kiwo, shanu da tumaki kan kauce wa ƙayar, su bar ciyawa mai kyau da ke kewaye da ita, su matsa wa sauran filin. Wurin da suka cinye ya yi fili, ita kuma ta samu inda za ta miƙe ƙafa. Tana rage darajar busasshiyar ciyawar da ake ɗaurewa don sayarwa, kuma irinta kan gurɓata irin shuka.

Yunwa ce makamin farko

Tunda ƙarfin ciyawar a rumbunta yake, duk dabarar da ta yi nasara a kanta ta ginu ne a kan abu ɗaya: a tilasta mata ta ci abin da ta ajiye, a kuma hana ta sake tarawa.

Masana sun auna yawan abincin da ke cikin saiwar a watanni daban-daban, suka gano cewa yakan yi ƙasa sosai a daidai lokacin da tsiron ya ƙulla fure amma bai buɗe ba. A arewacin Amurka da Kanada da Birtaniya wannan kan faɗo ne a watan Yuni zuwa farkon Yuli. A lokacin, ciyawar ta kashe ajiyarta wajen fitar da kara da ganye, ba ta kuma fara mayarwa ba. Yankan da aka yi a wannan gaɓa shi ya fi yi mata illa. Wanda ya yi gaggawar yanka tun tsiron na ƙarami, ya tayar da idanun saiwa ne alhali rumbu na cike. Wanda kuma ya yi jinkiri har fure ya buɗe, ya makara ta wata fuskar, domin kwana 8 zuwa 10 bayan buɗewar fure irin ya isa tsirowa, kuma furen da aka yanke aka bari a ƙasa yana iya ƙarasa nunar da irinsa.

Yanka ɗaya ba ya wadatarwa. Sai an maimaita duk lokacin da sabon toho ya taso, kusan wata-wata har ƙarshen lokacin noma, kuma a yi haka shekaru uku ko huɗu a jere. A Niyu Zilan, masu bincike na hukumar AgResearch sun lura cewa yankan da aka yi ana ruwan sama ya fi rage ciyawar fiye da na busasshiyar rana, kuma suna danganta hakan da ƙwayoyin cuta da ke samun hanyar shiga ta bakin yankan.

Huɗa ma tana aiki idan aka bi wannan ƙa'ida. Tun kafin zuwan magungunan feshi, manoman Arewacin Amurka kan hutar da gona shekara guda, suna bin ta da garma mai yanke tsiro a ƙarƙashin ƙasa kusan kowane mako 3. Duk tohon da ya fito sai a yanke shi kafin ya fara mayar da abinci, har saiwar ta ƙare ta ruɓe. Dabarar na da tsada, domin an yi asarar amfanin shekara, ga kuɗin mai da na aiki, kuma ƙasar da aka bari tsirara iska da ruwa kan kwashe ta.

Hanyar da ta fi sauƙi ga ƙasa ita ce inuwa. Ƙayar Kanada ba ta jure rashin haske, musamman tana ƙarama. Shi ya sa manoma da yawa kan shuka alfalfa, wata ciyawar dabbobi ta dangin wake mai daɗewa a gona, su bar ta shekaru. Alfalfa kan riga ƙayar tashi bayan hunturu, ta rufe ta, kuma ana yanke ta sau biyu zuwa uku a shekara, kowane yanka yana haɗawa da ƙayar. Alfalfa kan farfaɗo da sauri, ita kuwa ƙayar tana ƙara rama. Masu noma ba tare da sinadarai ba a Turai da Amurka sun dogara sosai da irin wannan juyin shuka.

Dabbobi a matsayin ma'aikata

Yadda ake kiwo na iya ƙara wa ƙayar ƙarfi ko ya karya ta. Idan aka saki shanu a fili mai faɗi tsawon lokaci, sukan zaɓi abin da suke so, su bar ƙaya. Wani bincike da aka yi a lardin Alberta na Kanada, aka wallafa a 2006, ya kwatanta wannan da wani tsari na daban: a tara shanu da yawa a ɗan ƙaramin yanki na 'yan kwanaki, sannan a kwashe su a bar wurin ya huta sosai. A tsari na biyu shanun sun ci ƙayar sun kuma tattake ta, ciyawa mai kyau ta samu lokacin farfaɗowa, kuma cikin shekaru 2 zuwa 3 ƙayar ta ragu ƙwarai.

Ƙayar tana da amfani a cikin dabba tun tana ɗanya, kafin ƙayoyinta su yi tauri. Awaki sun fi kowace dabba son ta, musamman furen, wanda hakan ke rage iri. A yammacin Amurka har akwai masu garken awaki da ake haya domin su share filayen da injin yanka ba ya iya shiga.

Maganin feshi da abin da ke biyo bayansa

Maganin ciyawa ya sauƙaƙa aikin, amma shi ma yana bin dokar rumbu. Maganin da ya ƙone ganye kawai bai fi lauje ba. Wanda ake buƙata shi ne mai bin jijiyoyin tsiro ya gangara cikin saiwa, kuma yakan fi gangarawa a lokacin da tsiron da kansa ke tura abinci ƙasa. Wannan lokaci shi ne kaka, watannin Satumba da Oktoba a can arewacin duniya, kafin sanyi mai tsanani. Tsarin da jami'an gona suka fi ba da shawara shi ne a yanke ciyawar lokacin da ta ƙulla fure, a bar ta ta sake toho, sannan a fesa wa sabon ganyen magani da kaka. Ko da haka, akan buƙaci a sake bin wurin a shekara ta gaba.

Gilaifoset na kai wa saiwa, sai dai ba ya zaɓe: yana kashe ciyawa mai kyau ma, ya bar fili ga irin ƙayar da ke jira a ƙasa. Kilofiralid da aminofiralid sun fi dacewa da filin kiwo saboda ba sa taɓa ciyayi dangin hatsi, amma suna kashe dangin wake, kuma suna daɗewa ba su ruɓe ba. Birtaniya ta ga illar hakan a 2008. An fesa aminofiralid a filayen kiwo, dabbobi suka ci ciyawar, maganin ya bi ta cikinsu ya fita a kashi da ƙarfinsa. Masu lambuna da suka sayi takin suka ga dankalin Turawa da tumatir da wake sun nannaɗe ganye sun lalace. Hukumomi suka dakatar da sayar da maganin, ba a dawo da shi ba sai da aka tsaurara sharuɗɗan amfani da shi da na fitar da taki daga gona.

Akwai kuma matsalar sabo. A Niyu Zilan, bayan shekaru ana fesa wa Carduus nutans magani iri ɗaya, a shekarun 1980 aka fara samun wadda adadin da aka saba fesawa ba ya kashe ta. Duk manomin da ya dogara da makami ɗaya, ciyawa kan koyi kauce masa.

Ƙwaron da ya wuce gona da iri

Tunda rashin maƙiya na cikin abin da ya ba waɗannan ƙayoyi dama, masana suka yi tunanin a je Turai a ɗauko maƙiyan. A 1968 aka saki wani ƙaramin ƙwaro mai suna Rhinocyllus conicus a Kanada, a 1969 kuma a Amurka, domin yaƙar Carduus nutans. Ƙwaron kan saka ƙwai a jikin ƙullin fure, tsutsarsa ta shige ciki ta cinye wurin da iri ke fitowa. A wurare da dama ya rage ƙayar sosai, aka riƙa ɗibarsa ana rarrabawa daga jiha zuwa jiha.

Sai dai Arewacin Amurka na da nata ƙayoyin na asali, nau'i masu yawa, waɗanda ba sa cutar da gona, kuma ƙudan zuma da tsuntsaye da ƙwarin ƙasar na rayuwa a kansu. Gwajin da aka yi kafin sakin ƙwaron ya nuna yana iya cin wasu daga cikin danginsu, amma aka ɗauka ba zai bar abincin da ya fi so ya koma kansu ba. A 1997, Svata Louda ta Jami'ar Nebraska da abokan aikinta suka wallafa sakamakon bincike a mujallar Science, wanda ya nuna ƙwaron ya koma kan ƙayoyin asali, ciki har da Cirsium canescens ta yankin tuddan yashi na Nebraska, yana rage irinsu matuƙa. A shekarar 2000 ma'aikatar gona ta Amurka ta soke izinin ɗaukarsa daga jiha zuwa jiha, amma ƙwaron da aka riga aka saki ba ya komawa cikin kwalba. Garin gyaran gira an taɓa ido.

Tun daga lokacin aka ƙara tsananta gwaji, hankali kuma ya karkata ga maƙiyan da ba su da wani abinci sai ƙayar Kanada. Fitacciya a cikinsu ita ce cutar tsatsa da wani nau'in funfuna mai suna Puccinia punctiformis ke haddasawa. Amfaninta shi ne tana shiga saiwa, wato inda lauje ba ya kaiwa. Akan tsinko ganyen da ya kamu, a busar, a niƙa, a barbaɗa a kan sabon ganyen ƙaya mai lafiya da kaka. Cutar ta sauka cikin saiwa ta yi hunturu a can, tsirran da za su fito bayan haka su zo a raunane, da ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa da wani ƙamshi mai zaƙi, su mutu ba su yi iri ba. Ma'aikatar gona ta jihar Kolorado ta yi aikin rarraba wannan cuta ga masu filaye. Niyu Zilan, wadda ba ta da ƙayoyin asali na wannan dangi da za a ji wa tsoro, ta saki wani koren ƙwaro mai cin ganye, Cassida rubiginosa, a 2007. Babu ɗaya daga cikinsu da ke share gona shi kaɗai. Suna raunana ciyawar ne, sauran dabaru su ƙarasa.

Doka da haƙƙin maƙwabtaka

Saiwa ba ta san iyakar gona ba, iri ma haka. Manomin da ya shekara huɗu yana wahala, maƙwabcinsa ya yi sakaci, aikinsa na iya komawa baya. Wannan ne ya sa hukumomi suka shiga lamarin tun da wuri. A ƙarni na 19 jihar Illinois ta kai ga naɗa jami'ai na musamman a ƙananan hukumomi, aikinsu kawai bin diddigin ƙayar Kanada. A Birtaniya, dokar ciyayi ta 1959 ta ambaci miyagun ciyayi guda 5, biyu daga ciki ƙayoyi ne na wannan dangi, ta kuma ba hukuma ikon umartar mai fili ya hana su tsallakawa gonar wani.

Tarihi ya nuna cewa doka ba ta tumɓuke ciyawar da ta riga ta zauna. Inda ta fi tasiri shi ne a bakin ƙofa: tantance irin shuka kafin a sayar, wanke injinan huɗa da na girbi kafin su bar gonar da ta kamu, da sa ido a kan abincin dabbobi. A dazuzzukan gwamnati da yawa na yammacin Amurka, ba a yarda mai doki ya shiga da busasshiyar ciyawa ba sai mai shaidar cewa babu irin miyagun ciyayi a cikinta. Sabon tsiron da ya fito daga iri rarrauna ne a makonninsa na farko, fartanya ɗaya ta ishe shi. Idan aka bar shi ya shekara biyu, aikin ya zama na shekaru.

Abin da ya shafi manomin Nijeriya

Ƙayar Kanada tsiron ƙasashen sanyi ce. Ba ta son zafi mai tsanani, kuma tana buƙatar yini mai tsawon awa 14 ko fiye kafin ta yi fure sosai, alhali yini a Nijeriya ba ya kai haka. Amma hanyar da ta bi ta shiga Amurka, an taɓa bin ta a nan. Ciyawar Chromolaena odorata, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, bayanan masana sun nuna ta shigo ta yankin Enugu a 1937 a cikin irin itacen malaina da aka kawo daga Siri Lanka. Yau ta mamaye saurukan kudancin ƙasar da maƙwabta, har a kudu maso yamma ana kiran ta Akintola ko Awolowo, a Gana kuma Acheampong. Wannan ne ya sa aikin Hukumar Killace Kayan Gona ta Nijeriya da na Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ya wuce batun takarda, musamman yanzu da ake shigo da irin alkama da na ciyawar dabbobi daga waje.

Halin saiwar ma ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa fama da tofa ko kiri-kiri. Su ma a ƙarƙashin ƙasa suke rarrafe, huɗa ɗaya kan daddatsa su ta ƙara musu yawa, ƙona tofa kuma kan sa ta dawo da ƙarfi. Binciken Cibiyar IITA da ke Ibadan ya nuna cewa rufe gona da waken mukuna, mai yaɗo da inuwa mai kauri, yana raunana tofa ƙwarai, wato dai aikin da alfalfa ke yi wa ƙayar Kanada.

Abin da shekaru 200 na gwaji suka tabbatar shi ne, mai fama da ciyawa irin wannan ya fara sanin yadda take yaɗuwa, ya kai mata hari a lokacin da rumbunta ya yi ƙasa, ya haɗa yanka da inuwa da kiwo da feshi gwargwadon halinsa, kada kuma ya bar ƙasa tsirara bayan ya kashe ta. Ya kuma shirya wa aikin shekaru uku zuwa huɗu, tare da maƙwabtansa. Wanda ciyawar ba ta kai gonarsa ba tukuna, aikinsa ya fi na kowa araha: ya duba irin da zai shuka, da takin da zai zuba, da garmar da ya aro.